Yadda Ake Mayar da Galan, Fayint da Oza na Ingila Zuwa Lita

Galan iri biyu ne a duniya, kuma girmansu ba ɗaya ba ne. Na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka kuwa lita 3.785. Tsakaninsu akwai fiye da kashi uku cikin huɗu na lita, wato idan tankin galan 1,000 ake magana, bambancin ya kai lita 761. Yawancin kuskuren da ake yi wajen mayar da tsohon awo zuwa lita daga nan yake fitowa: lissafin daidai, amma an ɗauki galan ɗin wata ƙasa an auna kayan wata ƙasa da shi.

Ingila ta daɗe da rungumar lita. Tun 1965 gwamnatinta ta bayyana niyyar komawa awon mita, kuma yau da lita ake sayar da fetur a can. Najeriya da Ghana ma sun bar awon Ingila a shekarun 1970, Nijar kuwa dama da lita ta tashi, gadon Faransa. Amma tsohon awon bai tafi ba. Yana nan a littafin tsohuwar tarakta da tsohuwar Land Rover, a jikin injin ban ruwa, a takardar maganin feshi, a littattafan girki, har a jikin fidar jariri. A Ingilar ma har gobe ana sayar da madara da fayint, kuma ana lissafin shan man mota da mil da galan. Wanda yake aiki da irin waɗannan kaya dole ya iya mayar da su lita da kansa.

Mataki na farko: gano galan ɗin wa ke hannunka

Kada ka taɓa kalkuleta sai ka warware wannan tukuna.

Asalin rabuwar tsoho ne. Kafin 1824 Ingila tana da galan fiye da ɗaya: akwai na auna ruwan inabi mai gurbin inci kubik 231, wanda aka tabbatar a zamanin Sarauniya Anne, akwai na giya mai inci 282, akwai na hatsi daban. Amurka ta ɓalle a 1776 tana riƙe da na ruwan inabin, kuma shi take amfani da shi har yanzu. Ita kuwa Ingila, a 1824 majalisarta ta soke duka ta kafa sabon galan guda ɗaya: gurbin da laba 10 na tsabtataccen ruwa zai cike. Wannan ne aka bi da shi ƙasashen da Ingila ta mulka, har da namu, da Kanada, da Ostireliya, da Indiya. Dokar awo ta 1985 ta ɗaure shi da lita kai tsaye, galan ɗaya lita 4.54609 cif.

To, ta yaya za ka gane wanne ne a gabanka? Fara duba rubutun. Idan ka ga "Imp" ko "Imperial" ko "UK" kusa da adadin, na Ingila ne. Idan ka ga "US", na Amurka ne. Idan ba a rubuta komai ba, duba inda aka ƙera kayan ko aka buga littafin. Tsohon littafin da aka buga a Landan ko a Legas ko a Zariya kafin canjin awo, na Ingila yake nufi. Kayan da aka yi domin kasuwar Amurka, na Amurka ne. Kayan da ake ƙerawa a Sin suna yawan bin na Amurka idan sun rubuta galan, don haka kada ka ɗauka cewa tunda an sayar maka a Kano ko a Kaduna, galan ɗin Ingila ne.

Akwai wata dabara da na fi yarda da ita fiye da duk waɗannan. Nemi wuri ɗaya a takardar inda aka rubuta awon biyu tare, ka raba. Idan an rubuta galan 5 kusa da lita 22.7, raba 22.7 da 5, za ka sami 4.54, na Ingila ke nan. Idan lita 18.9 aka rubuta, za ka sami 3.78, na Amurka. Haka ma idan littafin ya ambaci cewa fayint ɗaya oza 20 ne, na Ingila ne. Idan ya ce 16, na Amurka ne.

Sai galan na uku, wanda babu shi a kowace doka, wato galan ɗin bakin titi. A wajenmu kowace ƙaramar jarkar roba galan ce. Wanda 'yan bumburutu suke zuba fetur a ciki sau da yawa lita 4 ne, na man girki akwai mai lita 4, akwai mai 5. Idan mutum ya ce maka galan biyu da baki, tambaye shi na lita nawa. Wannan ba a mayar da shi da lissafi, sai dai a auna.

Mataki na biyu: san tsanin awon

Awon Ingila na ruwa hawa-hawa yake, kuma da zarar ka riƙe na sama, sauran duk rabawa ne. Galan ɗaya kwat 4 ne. Kwat ɗaya fayint 2. Fayint ɗaya jil 4. Jil ɗaya oza 5 ta ruwa. Ke nan a galan ɗaya akwai fayint 8, jil 32, oza 160. Ga girman kowanne:

galan 1 = lita 4.546
kwat 1 = lita 1.137
fayint 1 = mililita 568
jil 1 = mililita 142
oza 1 ta ruwa = mililita 28.4

A rubuce za ka gan su a taƙaice: gal, qt, pt, da fl oz. Ba sai ka haddace duka ba. Riƙe 4.546 kawai. Raba shi huɗu, ka sami kwat. Raba kwat biyu, ka sami fayint. Raba fayint ashirin, ka sami oza. Ko wayarka ta mutu kana tsakiyar gona, da tsinke a ƙasa za ka fitar da sauran.

Wani abu da yake rikita mutane shi ne, ko da yake galan da fayint na Ingila sun fi na Amurka girma, ozar Ingila ta fi ta Amurka ƙanƙanta. Ta Amurka mililita 29.6 ce, ta Ingila 28.4. Dalilin da ya sa fayint ɗin Ingila ya fi girma duk da haka shi ne oza 20 ke cikinsa, na Amurka kuwa 16 ne kawai, mililita 473. Saboda haka kada ka ce tunda na Ingila ya fi girma da kashi ɗaya cikin biyar, bari in ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan komai. Wannan ya yi daidai a galan da kwat da fayint, amma a oza zai ɓatar da kai.

Mataki na uku: ninka

Daga tsohon awo zuwa lita, ninkawa ake yi. Galan 12 sau 4.546 ya ba da lita 54.55. Fayint 7 sau 568 ya ba da mililita 3,976, wato lita 3.98. Oza 6 sau 28.4 ya ba da mililita 170. Idan kuma daga lita kake son komawa galan, sai ka raba da 4.546, ko ka ninka da 0.22, duk ɗaya ne. Jarka mai lita 25 galan 5 da rabi ce, mai lita 20 kuwa galan 4.4.

Inda aikin yake ɗan tsauri shi ne idan an haɗa awo biyu ko uku a layi ɗaya, kamar yadda tsofaffin littattafai suke yi. A ce an rubuta galan 2, fayint 3, oza 5. Hanya mafi tsabta ita ce ka sauke duka zuwa ƙaramin awon, sannan ka ninka sau ɗaya tak. Galan 2 oza 320 ne. Fayint 3 oza 60 ne. Ƙara 5 ɗin nan, ka sami oza 385. Yanzu ninka 385 da 28.413, za ka sami mililita 10,939, wato lita 10.94. Ka lura a nan na yi amfani da 28.413 maimakon 28.4. Idan adadin da za ka ninka yana da yawa, ɗan guntun da ka yar a baya shi ma ninkuwa yake yi, don haka ka bar lambobin bayan ɗigo su yi tsawo har ka gama, sannan ka datse a ƙarshe.

Sai ɓangarori. Turawan Ingila suna son rabi da kwata. Rabin fayint mililita 284 ne, kwatansa 142, kashi uku cikin huɗu 426. Fayint ɗaya da rabi 852. Rabin galan lita 2.273 ne, kuma idan ka taɓa ganin robar madara a shagon Ingila an rubuta lita 2.272 ka yi mamakin wannan baƙon adadi, fayint 4 ne aka rubuta da lita.

Ga wanda ba ya son kalkuleta, ana iya yi da ka, kuma amsar tana fitowa kusa sosai. A galan: ninka da 9, raba biyu, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ka samu. Galan 40 sau 9 ya ba da 360, rabinsa 180, ƙara 1.8, ka sami lita 181.8. Kalkuleta za ta ce 181.84. A fayint: ninka da 4, raba da 7. Fayint 14 ya zama lita 8, ainihin amsar kuwa 7.96. A oza: ninka da 30, ka cire kashi biyar cikin ɗari. Oza 10 ta zama 300, cire 15, saura 285, ainihin amsar 284. Idan kuma galan ɗin Amurka kake son kwatantawa da na Ingila, shida na Amurka kusan daidai suke da biyar na Ingila.

Masu amfani da waya su yi hattara. Manhajojin canza awo da yawa, idan ka zaɓi galan kawai, na Amurka suke ba ka ba tare da sun faɗa ba. Ka buɗe jerin ka nemi wanda aka rubuta "Imperial". A Excel ma haka ne: a umarnin CONVERT, "gal" na Amurka ne, sai ka rubuta "uk_gal" ko "uk_pt" kafin ka sami na Ingila. Gwajin mai sauƙi ne: sa galan 1 ka ga abin da zai fito. In ka ga 4.5, ci gaba. In ka ga 3.7, ka san inda ka shiga.

Mataki na huɗu: datse adadin gwargwadon aikin

Ba kowane aiki ne yake buƙatar lambobi uku a bayan ɗigo ba, kuma ba kowane aiki ne yake yafe datsewa ba. Wannan sai hankalin mai aikin.

A kicin akwai sassauci. Littattafan girki na Ingila da suke rubuta awo biyu gefe da gefe sukan mayar da fayint ɗaya mililita 600, rabi 300, kwata 150, don adadin ya yi daɗin aunawa. Ba kuskure ba ne, domin sun daidaita sauran kayan haɗin da wannan ƙarin. Dokar ɗaya ce: idan kin fara da layin mililita da giram, ki ƙare da shi, idan da layin fayint da oza kika fara, ki bi shi har ƙarshe. Gauraya layukan biyu shi yake sa kwaɓin kek ya yi ruwa ko ya yi tauri. A miya ko romo ƙarin mililita 30 ba zai canza komai ba, amma a burodi da kek da kastad ki auna 568 ɗin idan littafin fayint kaɗai ya rubuta.

Kofi kuma wata rigima ce. Tsohon kofin Ingila rabin fayint ne, mililita 284. Na Amurka kusan 237 ne, na awon mita 250. Ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne, babba 15, sai dai a Ostireliya babban 20 ne. Cokulan da muke cin abinci da su a gida ba na awo ba ne, kowane kamfani da girman nasa. Jug mai zanen mililita a jiki da jerin cokulan awo ba su da tsada, kuma sun fi kowane lissafi amfani.

A gareji sassaucin kaɗan ne. A ce littafin tsohon inji ya ce yana cin baƙin mai fayint 12. Da na Ingila, lita 6.82 ke nan. Wanda ya ɗauka na Amurka ne zai zuba lita 5.68, ya bar injin da giɓin fiye da lita ɗaya. Wanda kuma ya yi akasin haka, littafin Amurka ya lissafa da na Ingila, zai cika mai fiye da kima, ya ga hayaƙi da yoyo. Shawarata ga bakanike ita ce ya lissafa, ya zuba ƙasa da amsar da kamar rabin lita, ya dakata man ya sauka, ya duba geji, sannan ya ƙarasa a hankali. Haka a giyabos, haka a ruwan lagireto. Ga ƙananan injuna masu cin fetur haɗe da mai, idan an ce 50 bisa 1, ba ruwanka da galan: mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. Awon da aka bayar da "bisa" ba ya buƙatar a canza shi, ko a wace ƙasa aka rubuta.

Inda ban yarda da sassauci ba ko kaɗan shi ne magani da abincin jariri. A tsofaffin takardun magani na Ingila akwai wasu ƙananan awo biyu a ƙasa da oza: diram, kashi ɗaya cikin takwas na oza, mililita 3.55, da minim, kashi ɗaya cikin sittin na diram. Na kawo su ne don ka gane su idan ka gan su, ba don ka lissafa wa mara lafiya magani da su ba. Wannan aikin likita ne ko mai haɗa magani, kuma a auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo tare da kwalbar. Fidar jariri kuwa yawanci tana da zane biyu, wani lokaci uku: mililita, ozar Ingila, ozar Amurka. Uwa ta bi layin mililita kawai, ta kuma bi abin da aka rubuta a jikin gwangwanin madarar da take amfani da shi, da ɗan cokalin da ya zo cikinsa. Madarar da ta yi kauri ko ta yi tsarwa duka suna cutar da jariri.

Idan awon ya haɗu da wani awo

Nan ne aikin ya fi amfani, nan kuma aka fi tafka asara, domin ba galan kaɗai ake canzawa ba, har da abin da aka jingina shi da shi.

Fara da maganin feshi. Takarda ta ce oza 2 a kowane galan na ruwa. Tunda galan ɗin Ingila oza 160 ne, oza ɗaya a galan tana nufin kashi ɗaya cikin 160, wato mililita 6.25 a kowace lita. Oza 2 ta zama mililita 12.5 a lita. Injin feshi na goyo mai lita 16 zai ci 16 sau 12.5, mililita 200. Idan kuwa takardar ta Amurka ce, galan ɗinsu oza 128 ne, oza ɗaya a galan ta zama mililita 7.8 a lita, kuma wannan injin zai ci mililita 250. Kalmomin takardar iri ɗaya, amma tsakani akwai mililita 50 a kowane goyo. Manomin da ya zarce zai iya ƙona ganyen tumatir ɗinsa ya kuma bar guba a jikin amfanin. Wanda ya gaza zai yi feshi ƙwari su ci gaba da cinsu, kuɗin magani ya tafi a banza. Idan takardar tana da layin mililita, bi shi ka manta da oza. Idan babu, kuma ba ka tabbatar da ƙasar ba, nemi malamin gona kafin ka buɗe kwalbar.

Wani lokaci da faɗin gona ake bayarwa: galan kaza a kowace eka. Eka ɗaya hekta 0.405 ce, saboda haka galan ɗaya a eka daidai yake da lita 11.23 a hekta. Galan 20 a eka ya zama kusan lita 225 a hekta, wato goyo 14 na injin lita 16. Fayint ɗaya a eka kuwa lita 1.4 ne a hekta, fayint 2 lita 2.8. Da na Amurka galan ɗaya a eka lita 9.35 ne a hekta.

Sai shan man mota. Idan ka ga "mpg", mil nawa mota take yi da galan ɗaya ake nufi. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Don samun kilomita nawa take yi da lita ɗaya, ninka adadin da 0.354 idan na Ingila ne, ko da 0.425 idan na Amurka ne. Motar da aka ce tana yin mil 30 a galan, da lissafin Ingila kilomita 10.6 take yi da lita, da na Amurka 12.75. A tafiyar kusan kilomita 230 tsakanin Kano da Kaduna, ta farko za ta sha kusan lita 22, ta biyu 18. Tunda motocin tokunbo da yawa daga Amurka da Kanada suke zuwa, ka duba inda aka samo adadin kafin ka kwatanta mota biyu, domin mota ɗaya za ta nuna adadi mafi girma a takardar Ingila fiye da ta Amurka, alhali shan manta bai canza ba. Wanda ya fi son lissafin lita nawa a kilomita 100, ya raba 282.5 da adadin na Ingila, ko 235.2 da na Amurka.

Injin ban ruwa da famfon rijiyar burtsatse sukan zo da "gpm", galan a minti, ko "gph", galan a awa. Galan 10 a minti lita 45.5 ne a minti, kusan lita 2,730 a awa. Tankin lita 2,000 zai cika cikin minti 44. Idan galan ɗin Amurka ne, sai ya kusa minti 53. Amma a nan akwai gwajin da ya fi takarda gaskiya: tara jarka mai lita 20 a bakin bututun, ka duba daƙiƙa nawa ta yi ta cika. Raba 1,200 da adadin daƙiƙun, ka sami lita a minti. In ta cika a daƙiƙa 30, lita 40 ke nan a minti. Adadin da kamfani ya rubuta na lokacin da injin yake sabo ne kuma ba ya tura ruwa sama sosai.

Farashi kuwa rabawa ake yi, ba ninkawa ba, kuma mutane suna yawan juya wannan. A ce an yi maka kuɗin galan naira 5,000. Idan na Ingila ne, lita ta kama 1,100. Idan robar lita 4 ce, 1,250. Idan na Amurka ne, 1,321.

Manyan mazubai

Garwa, gwangwanin kananzir ɗin nan mai kusurwa huɗu da masu ga-ruwa suka daɗe suna ratayawa biyu-biyu a sanda, galan 4 na Ingila take ci, lita 18.2. Idan dattijo ya ce maka a zamaninsu ana sayar da garwar man gyaɗa kaza, kada ka kwatanta da jarkar lita 20 ko 25 ta yau kai tsaye, sai ka mayar da duka biyun lita ɗaya tukuna.

Duro na ƙarfe, a ƙasashen da suka gaji awon Ingila ana kiransa mai galan 44 ko 45, wato lita 200 zuwa 205. Amurkawa suna kiran wannan duron mai galan 55, lita 208. Gangar ɗanyen mai da ake faɗar farashinta a labarai kullum daban ce: galan 42 na Amurka ce, lita 159, kusan galan 35 na Ingila. Wanda ya lissafa ta da galan ɗin Ingila zai sami lita 191, ya ƙara wa kowace ganga lita 32 da babu su.

Tankin ruwa na ƙarfe da aka ce mai galan 500 ne, lita 2,273 ke nan, mai 1,000 kuwa 4,546. Idan kana shakka, auna shi da tef. In mai kusurwa huɗu ne, ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000, amsar lita ce. In mai zagaye ne, auna faɗin bakinsa ka raba biyu, ninka wannan rabin da kansa, ninka da 3.14, ninka da tsayin tankin, sannan ka raba da 1,000. Ta ciki ake aunawa, kuma iyakar inda ruwa yake tsayawa, ba har murfi ba. Idan awon da ƙafa aka yi, ƙafa ɗaya ta kowane gefe tana ɗaukar lita 28.3, galan 6.23.

Kada ka haɗa girma da nauyi

Oza iri biyu ce. Wadda aka rubuta "fl oz" ta ruwa ce, tana auna gurbi, mililita 28.4. Wadda aka rubuta "oz" kawai ta nauyi ce, giram 28.35. Lambobin sun yi kama domin da ruwa aka kafa awon tun farko: galan na ruwa laba 10 ne, kilo 4.54. A ruwa da madara za ka iya ɗaukar mililita a matsayin giram ba tare da asara mai yawa ba. A sauran abubuwa ba haka ba ne. Litar man gyaɗa kusan giram 910 ce, saboda haka garwa cike da shi kusan kilo 16 da rabi ce, ba 18 ba. Litar zuma ta kai kusan kilo 1.4. Litar fetur kusan giram 740 ce, ta man gas kusan 840.

A watan Yuli na 1983, lokacin da Kanada take tsakiyar canjin awo, wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya ƙare da mai a sararin sama. Ma'aikatan sun auna man da lita, amma wajen mayar da shi nauyi sai suka yi amfani da adadin laba a inda ake buƙatar na kilo, jirgin ya tashi da ƙasa da rabin man da ya kamata. Matuƙan sun samu sun sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli na Kanada, babu wanda ya rasa ransa.

Shi ya sa nake roƙon duk mai wannan lissafi ya riƙa rubuta sunan awon kusa da kowane adadi, a kowane layi, ba lamba tsirara ba. Rubuta "galan 12 na Ingila sau 4.546, lita 54.55". Bayan ka gama, duba amsar da ido: adadin lita dole ya fi na galan yawa, wajen ninki huɗu da rabi; dole ya gaza na fayint, ya ɗan haura rabinsa. Sannan ka ɗauki fenti ko alƙalamin da ba ya gogewa, ka rubuta amsar da lita a jikin tankin, ko murfin injin, ko gefen shafin littafin, tare da cewa da galan ɗin Ingila ka lissafa, don yaron shago ko wanda zai yi feshi bayanka ya tarar da ita a shirye.